Muhawara: Wa ya ƙirga wa duniya shekara biliyan 4.5?

Sani: Salamu alaikum jama'a. Masana kimiyya sun ce duniya ta shekara biliyan 4.5. Su ɗin dai kuma suka ce gwajin kabon da ake gane tsufan abu da shi ba ya wuce shekara dubu 50. To da me suka auna ragowar? Ni a wurina shaci-faɗi ne aka sa masa rigar boko.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam Sani, rabin maganarka gaskiya ce. Kabon-14 duk shekara 5,730 rabinsa ke rikiɗewa, idan aka kai dubu 50 abin da ya saura bai isa a auna ba. Kuma sai a jikin abin da ya taɓa yin rai yake aiki: itace, gawayi, ƙashi. Da shi aka gano cewa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a jihar Yobe ta yanzu, ya kai wajen shekara dubu 8. Amma ba wanda ya taɓa auna shekarun duniya da kabon. Ba a ɗora buhun masara a sikelin masu sayar da gwal.

Sani: To wane sikeli aka ɗora ta?

Injiniya Bashir: Yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit. Shi ma rikiɗewa yake yi, ya koma dalma, amma a hankali ƙwarai. Nau'in 238 sai ya yi kusan shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya koma dalma, nau'in 235 kuma miliyan 704. Akwai wani ɗan ƙanƙanin ma'adini da ake kira zakon, wani lokaci bai kai ƙwayar yashi ba, ana samunsa a cikin duwatsu irin na Jos. Lokacin da yake daskarewa daga narkakken dutse yana karɓar yuraniyom, amma dalma ba ta samun wurin zama a jikinsa. Saboda haka dalmar da ka tarar a ciki yau, a nan aka haife ta. Sai ka auna nawa ya koma dalma, nawa ya saura, lissafi ya ba ka shekaru.

Baba Ɗanjuma: Yaro, wa ya zauna shekara miliyan 704 yana gadi har ya ga rabin ya ƙare?

Injiniya Bashir: Allah ya ja da ran Baba, ba sai an zauna ba. A cikin giram ɗaya na yuraniyom ƙwayoyin zarra dubbai ne ke rikiɗewa a kowace daƙiƙa, na'ura tana ƙirga su. Daga saurin da aka ƙirga ake fitar da tsawon lokacin.

Sani: Nan fa nake jiranka. Saurin yau ka ƙirga. Ina shaidarka cewa haka yake tafiya tun farko?

Malama Hadiza: Wannan tambayar ta fi ta farko nauyi, kuma an gwada. An gasa waɗannan sinadarai, an daskarar da su, an matse su, saurin bai motsa yadda zai ɓata lissafi ba. Sannan zakon ɗaya agogo biyu ne a cikinsa, 238 da 235, kowane da nasa gudun. Idan dutsen ya taɓa yin zafi har dalma ta zurare, amsoshin biyu sai su saɓa, mai awo ya gane da matsala. Ga kuma fotasiyom da ke komawa iskar agon, wani agogon daban. Da ire-irensa aka gwada aman dutsen Besubiyas na Italiya, wanda marubutan Rumawa suka rubuta cewa ya fashe a shekara ta 79 miladiyya. Awon da aka yi a 1997 ya faɗo daidai wurin.

Malam Auwalu: Ku yi mini uzuri in sa baki. Masu cewa duniya shekara dubu 6 ce su san inda adadin ya fito. Wani limamin coci ne a Ayalan, James Ussher, ya tattara shekarun zuriyoyin da ke cikin Baibul a 1650, ya ce an yi halitta a 4004 kafin miladiyya. Alƙur'ani ya ambaci kwana shida, bai faɗi adadin shekarun duniya ba, kuma ya ambaci yini mai tsawon shekara dubu da mai tsawon dubu hamsin. Kada mu ɗora wa addini lambar da bai faɗa ba, ko ta wane ɓangare.

Sani: Na ji, Malam. Ni ba ta nan na ɓullo ba. Masanan nan canza baki suke yi. Ba su ne suka taɓa cewa miliyan 20 ba?

Injiniya Bashir: Lord Kelvin ne, wani masanin Birtaniya, a ƙarshen ƙarni na 19, ya ce tsakanin miliyan 20 da 40. Ya lissafa ne da tsawon lokacin da narkakkiyar duniya za ta ɗauka ta huce, kuma ya fara wannan lissafi tun kafin Becquerel, masanin Faransa, ya gano tururin yuraniyom a 1896, wato babu agogon yuraniyom a lissafinsa. Amma tun da Clair Patterson, masanin Amurka, ya fitar da biliyan 4.55 a 1956, kusan shekara 70 ke nan, na'urori sun sake ƙwarewa, an kawo duwatsun wata an auna, lambar ba ta gusa ba sai ɗan kaɗan.

Ummi: Yaya Bashir, na karanta cewa shi Patterson ba ma dutsen duniya ya auna ba.

Injiniya Bashir: Haka ne ƙanwata, duwatsun da suka faɗo daga sama ya auna, har da wanda ya faɗa Arizona ta Amurka. Dalili kuwa, duniya tana narkar da tsofaffin duwatsunta tana sake su, na farkon ba su tsira ba. Mafi tsufan zakon da aka samu, a Jack Hills ta Ostireliya, biliyan 4.4 ne. Waɗancan na sama kuwa tare aka yi su da duniya, kuma ba abin da ya sake narkar da su.

Sani: Tare aka yi su, in ji wa? Wannan ai zato ne.

Malama Hadiza: Patterson ya gwada da lakar ƙasan teku, lissafin dalmarta ya dace da na duwatsun saman. Ko ka ƙi wannan, biliyan 4.4 ɗin a ƙasa aka tsince shi.

Sani: To ƙasusuwan fa? Dodannin zamanin da (dinosaur) na Gadufawa a Nijar da ake cewa sun haura shekara miliyan 100, da bawon katantanwar teku da ke cikin farar ƙasar Kalambaina a Sakkwato. Na ji ana gane shekarun dutse da ƙashi, ana gane shekarun ƙashi da dutse. Zagaye ke nan.

Injiniya Bashir: A nan kana da ɗan abin kamawa. Dutsen da yashi ko laka suka taru suka yi ba ya aunuwa kai tsaye, don ƙwayoyinsa sun girme shi. Abin da ake yi, a nemi inda irin waɗannan halittu suke kwance tsakanin shimfiɗa biyu ta tokar aman wuta, ko da a wata ƙasa ce, a auna tokar ƙasa da ta sama. Daga nan ake ɗauko shekarun a kawo wa Kalambaina, a ce wajen miliyan 60. Shi ya sa za ka ji ana cewa "wajen". Kuskuren miliyan biyu ko uku yana yiwuwa a irin wannan. Amma miliyan 60 ba za ta dawo dubu 6 ba.

Sani: Na yarda kabon ba shi ne ma'aunin ba. Maganar duwatsun sama kuwa har yanzu ba ta kwanta mini ba.

Baba Ɗanjuma: Ni teku a Sakkwato ne ya tsaya mini a rai. Bashir, ta ina ruwan ya bi ya shigo, kuma ina ya tafi?