Me ya sa ake rubuta "gidar abinci" da "an ƙafa kwamiti"?

Ummu Hafsa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamai. A allunan shaguna da katunan biki a nan Kaduna ana yawan ganin "gidar abinci", "sunar amarya", "an ƙafa kwamiti". Masu rubutun so suke Hausarsu ta fita tsaf, amma sai ta karkace. Daga ina matsalar take, kuma yaya za a nuna wa ɗalibi?

Malamin Kawo:
Wa alaikumus salam, Malama. Tushen "gidar" a bakinmu yake. A Hausar Zazzau da ta cikin garin Kaduna mutane da yawa ba sa bambanta jinsi, sai ka ji "motan", "rigan shi". Da an ce wa mutum "motar" ake cewa, sai ya ɗauka duk kalmar da ta ƙare da -a tamata ce, ya bi su da -r kaf. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Gida, ruwa, suna, nama, kwana da wata (na sama) duk namiji ne: gidan abinci, ruwan sha, sunan amarya. Ki sa ɗalibi ya gwada kalmar da "ne" ko "ce". Gida ne, mota ce. Idan kunnensa ya saba da na Zazzau, ƙamus zai raba gardama.

Mai Ɗab'i, Kasuwar Barci:
Kuskuren haruffa masu ƙugiya ya fi haɗari, domin ma'ana yake sauyawa. Tunda allon waya ya samu ɓ, ɗ, ƙ, wasu ke liƙa su ko'ina. Kafa kwamiti ake yi, ƙafa ta tafiya ce. "Ta ɓari" maimakon "ta bari" na kai mai karatu ga zubewar ciki. Mafi muni, mai son rubuta roƙo ya ga "dan Allah", ya gyara shi zuwa "ɗan Allah". Wannan saɓo ne a rubuce. "Don Allah" ake rubutawa. A furta kalmar a fili kafin a sa ƙugiya.

Malama Rigasa:
Sai rabon kalma, Yaya. An koya wa masu rubutu raba "ya ce" da "za su", sai suka zarce suna yanka "gidan sa", "motar ta", "ya na", "su ke". Gajeriyar mallaka a haɗe take: gidansa, motarta. Haka yana, suna, yake, yakan. Wakilin sunan da aiki ya faɗa wa, shi ake warewa: ya gan shi, ta kira su.