Na sauke Corolla ƙasa, robar shaf ta fara zubar da giris: saukewar ce ta jawo?

Mai Corolla, Agege:
Assalamu alaikum, masu sanin ƙafar mota. Corolla ce 2007, inji 1.8, an canja mata sifirin aka sauke ta kusan santimita 5. Yanzu robar shaf ta ciki, ɓangaren direba, tana fesa giris a jikin giyabos, kuma in na taka totur daga tsaye motar tana ɗan karkarwa har sai ta ɗau gudu. Saukewar ce sila ko dama robar ta tsufa? Sabon shaf zan saya ko roba kawai?

Mai gyaran ƙafa, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun ne, amma saukewar ce ta gaggauta abin.

Shaf, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa taya, yana da kai biyu. Na waje, wajen taya, yana da ƙwallayen ƙarfe shida, kuma an yi shi ne don ya lanƙwasa sosai, har sama da digiri 40 in ka murɗe sitiyari ƙarshe. Wannan bai cika damuwa da saukewa ba. Na ciki, wajen giyabos, shi ne mai ƙafa uku da boris a kowace ƙafa, yana zamewa ciki da waje a cikin kofinsa duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka. Lanƙwasar da yake ɗauka ba ta wuce kusan rabin ta na waje ba.

A tsayin kamfani, shaf yana ɗan gangarowa daga giyabos zuwa taya. In ka sauke santimita 2 zuwa 3, miƙewa ma yake yi, babu wata illa. Da ka kai 5 kuwa, ya wuce miƙe ya koma yana kallon sama. Yi lissafi: shaf mai tsawon santimita 40 tsakanin kawunansa, saukewar santimita 5 tana canja kwanarsa da kusan digiri 7. Dogon shaf na ɗaya ɓangaren bai kai haka ba. Shi ya sa na ɓangaren direba, gajeren, ya fara kuka.

Ita kuma roba, ninkin jikinta yana matsuwa ta gefe ɗaya yana buɗewa ta ɗaya gefen a kowane juyin taya. In kwana ta yi yawa, ninkin yana gogar juna, ya yi zafi, ya tsage a cikin kwarin ninkin. Robar da ta shekara da yawa ta riga ta bushe a kan siffar tsohon tsayi, to ka tilasta mata sabon zama.

Karkarwar nan kan ciki ne. Boris ɗin sun riga sun ci gurbi a cikin kofi a inda suka saba aiki, yanzu ka matsar da su suna hawa bakin gurbin suna sauka. Da na waje ne, ƙas-ƙas za ka ji in kana shan kwana.

Ɗan Ladipo:
Oga ya gama bayani, sai dai kada a yi saurin sayen shaf. A fara buɗewa. A zare shaf, a tara man giya da zai zubo, a yanke robar, a wanke kan tas da kananzir, a shanya. Sa yatsa cikin hanyoyi ukun nan na kofi. In sumul ne, roba da giris sun isa. In ka ji gurbi ko ƙarfen ya yi shuɗi don zafi, roba ba za ta kashe karkarwa ba.

In sayen ya zama dole, ni dai na fi yarda da tokumbo na asali mai lafiyar roba a kan sabon mai arha. Masu arhan nan sau da yawa tsawonsu ba ya zama daidai, kuma a motar da aka sauke 'yan milimita kaɗan ma suna sa kan ciki ya dunguri ƙarshen kofi. A gwada tsawo da tsohon, a ƙirga haƙoran kowane kai, a duba zoben ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) kafin a biya kuɗi.

Giris kuma ba na boris ɗin taya ba. Na waje baƙin giris mai moli (sinadarin molybdenum) yake so. Na ciki ya fi son mai laushi wanda ke zuwa da kit ɗin roba. Abin da ke cikin ledar kit, galibi wajen giram 100, shi za a zuba duka, rabi a kofi rabi a roba. In an cika fiye da haka robar tana kumbura ta tuɓe kilif. Kafin a matse ƙaramin kilif, a zura siririn sukudireba marar kaifi ƙarƙashin bakin robar iska ta fita. Kuma don Allah kilif na ƙarfe, ba waya ko tsinken roba da wasu ke ɗaurawa ba. Ƙarfin ɗaure notin shaf na wannan Corolla 216 Nm ne, a sa sabo, a danne bakinsa cikin tsagin. Sil ɗin giyabos, mai tare mai a inda shaf yake shiga, shi ma a duba shi tunda an zo wurin.

Injiniya, Mile 12:
'Yan'uwa, duk wannan gyara daidai ne, amma in an bar motar a santimita 5 za a dawo kansa. Kuma ban yarda cewa kwanar tsayuwa kaɗai ce matsala ba. Babbar matsalar ita ce tazarar da ta rage wa shokozoba. Motar da aka sauke tana faɗa ramin Agege Motor Road ko ta hau tudun rage gudu, nan take ƙafa ta kai ƙarshe, shaf ya kai iyakar kwanarsa da ƙarfi. Ƙara da ruwan Yuni da Yuli: ƙaramar tsaga ta isa ruwa da yashi su shiga, giris ya zama kamar kunun yashi, kan ya ci kansa cikin ɗan lokaci.

Shawarata, a ɗaga ta zuwa santimita 2.5 ko 3 ƙasa da tsayin kamfani, da sifirin da aka ƙera don haka, ba wanda aka yanke ko aka gasa da wuta ba. Bushin na hannun ƙasa a sassauta su, a sake ɗaurewa motar tana zaune a kan tayoyinta, in ba haka ba a murɗe za su zauna su yage. Sannan alaimen.

Gwaji mai sauƙi kafin a ɗaure notin: mota a kan tayoyinta, a tura shaf ciki da hannu. Dole ya motsa kaɗan. In ya ƙi ko kaɗan, kan ciki ya riga ya kai bango.

Mai Corolla, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Oga na Idi-Araba, na ɗaya ɓangaren fa, robarsa ba ta fashe ba tukuna. In bar ta?

Mai gyaran ƙafa, Idi-Araba:
Murɗe sitiyari ƙarshe, ka buɗa ninkin da yatsa ka haska da tocila. In ka ga ƙananan tsaga ko wurin da ya yi ƙyalli saboda guga, canja ta tare da wancan, tunda shekarunsu ɗaya. In lafiya take, bar ta, amma a riƙa leƙawa duk canjin mai.