Madafin ƙasa mai zane ko bulo da tayil? A ba ni shawara kafin ruwa ya sauka

Maman Biyu, Badariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina yin masar sayarwa Asabar da Lahadi, tiya uku ta shinkafa kowace rana. Gas ina da shi a kicin na ciki, amma bai biya ga masa. Ina son tada madafi a tsakar gida, ƙafa 10 a ƙafa 8, gidan namu ne ba haya ba. Abin da ke hannuna dubu 250. Ko dai in yi bulo da filasta in sa tayil, ko in yi ginin ƙasa da ginannen murhu na tanda, a yi mani zane a bangon gaba, in rataya faya-fayai da ƙorai. Raina ya fi kwanta wa na ƙasa, saboda masu saye har cikin gida suke shigowa. Saura kamar sati shida damina. Wanne zan kama?

Anti Gesse:
Wa alaikumus salam. Ki sayi gas kawai ki huta da hayaƙi.

Ɗan Bayan Kara:
Ki fara tambayar mai gidan da kuke haya, kada ki gina ya ba ku notis.

Maman Biyu, Badariya:
Gas akwai, gida namu ne. Don Allah a duba bayanina na sama.

Magini Ambursa:
Hajiya, na ƙasa zai yiwu a sati shida in an fara yanzu, amma da sharaɗi uku. Na farko tushe: a haƙa ƙafa ɗaya da rabi, a jera bulo ko dutse layi uku sama da ƙasa, sannan a ɗora tubali. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa, wurin da ruwan indararo ke fantsama. Na biyu, kwanon rufi ya zarce bango da ƙafa biyu ta kowane gefe, musamman gabas inda iskar hadari ke bugowa. Na uku yaɓe. Kada a yarda da ƙasa don an ce ja ce. A kwaɓa kashi uku daban, ɗaya zalla, ɗaya da yashi kaɗan, ɗaya da yashi da buntun shinkafa, a shafa kowanne faɗin tafin hannu biyu a bango, a bar su kwana biyu. Wanda ya tsage yumɓu ya yi masa yawa, wanda ke zuba gari in an murza yashi ya yi yawa. Wanda ya tsaya shi ne naki. Kwaɓin kuma a bar shi ya kwana uku a rufe yana ruɓa, ana tattaka shi kullum.

Uwargida Kalgo:
Ni dai ban ba kowa shawarar ƙasa. Ƙanwata anka yi ma irin wanga bara waccan. Magini ya ce don ya yi ƙarko bari a bi bangon da hilastar siminti, buhu huɗu, anka yi zanen dagi bisa, anka shahe da fentin mai. Damina guda, ruwa ya shiga ta tsagar sama, ƙasar ciki ta jiƙe ba ta da hanyar bushewa. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko. Cikin watan Agusta hilastar ta ɓalle gaba ɗaya ta hwaɗo bisa tandarta da tukwane biyu, da dare ne Allah Ya kiyaye ba yara wurin. Anka neme shi ya ce ruwan bana ne ya yi yawa. Har yau ko sisi bai maido ba, kuma yana nan yana karɓar aiki.

Anti Gesse:
Innalillahi. Kun kai shi wurin mai unguwa?

Uwargida Kalgo:
Mun kai. Anka ce a yi haƙuri, ɗan uwa ne ta wajen mijinta.

Ɗan Bayan Kara:
Ai matsalar ke nan, aikin dangi ba rasit ba garanti.

Magini Ambursa:
Allah Ya mayar da alheri. Amma Hajiya abin da kika bayyana laifin siminti ne, ba na ƙasa ba. Siminti bai kama ƙasa, kuma yana kulle danshi a ciki. Fentin mai ma haka, ɓarewa yake. Bangon ƙasa da ƙasa ake yaɓe shi, a bi da ruwan makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa.

Injiniya BK:
Ku bar ta ta yi bulo. Lissafi: kewaye ƙafa 36, tsayi ƙafa 8, in an cire ƙofa da taga bulo mai inci 6 kamar 240. A 500 ɗaya, dubu 120. Siminti na jeri buhu 5, na filasta ciki da waje buhu 6, a dubu 9 da ɗari biyar.

Maman Walida, Rafin Atiku:
Ina kake samun siminti dubu 9 da ɗari biyar? Shekaranjiya dubu 11 aka ce mana. Bulo kuma 650 in mai kyau ne, na 500 da hannu kake fasa shi.

Ɗan Jega:
Nan wurinmu 450 ne har da kawowa in ka kai ɗari biyu.

Maman Walida, Rafin Atiku:
To ko da farashinka Injiniya, bulo da siminti sun ci sama da dubu 220, ba kwano, ba katako, ba ƙofa, ba kuɗin aiki, balle tayil. Da me za ta rufe?

Injiniya BK:
Sai ta yi a hankali. Na karanci gine-gine, ba zan ce wa mutum ya zuba kuɗi a abin da sai an yi masa yaɓe duk shekara ba.

Magini Ambursa:
Ranka ya daɗe, gidan tarihi na Kanta da ke Argungu tun 1831 aka gina shi, yana nan tsaye.

Injiniya BK:
Yana tsaye ne don ana gyara shi, Baba. Kuma tsohuwar fada ce, ba madafin dubu 250 ba.

Gwaggon Yara, Argungu:
Ku maza kuna ta gardamar bango, ba wanda ya taɓa tsayawa gaban tanda awa huɗu. Ɗiyata, murhun shi ne aikin. Yumɓu ko ƙasar suri kwano biyu, yashi ɗaya, buntun shinkafa ɗaya. Buntun yana ƙonewa ya bar ƙananan ramuka, su ke riƙe zafi a ciki, itace ya ragu. Ki kai tandarki a gwada a kanta tun ƙasa na ɗanye, bakin murhu ya gaza faɗin tanda da yatsa biyu kewaye don ta zauna daram. Tsakanin garwashi da gindin tanda taki ɗaya. In ya gaza haka gidajen tsakiya su ƙone, na gefe su fito fari ba su nuna ba. A bar ƙofar itace gefe, ba wajen ƙafafunki ba, a fitar da bututun hayaƙi ta baya ya wuce kwano. Ki rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ya bushe a inuwa sati biyu zuwa uku. Wutar farko ta kara ce, 'yar kaɗan, kwana uku a jere. Wanda ya yi gaggawa ya cika masa itace ranar farko, tsagewa zai yi tun daga baki har ƙasa.

Ɗan Jega:
Gwaggo, in an gama a kira mu gwajin murhu. Ni ne mai duba ko gidajen gefe sun nuna, kyauta nake yi, miyar taushe kawai za a ƙara.

Mai Zane Gwandu:
Kan maganar zane: ana yin sa yaɓe na biyu na da sauran danshi, lokacin da yatsa ke shiga amma bai mannewa. A fara zana layi da tsinke, a ɗora ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, kaurin yatsa ɗaya, a gyara gefe da bayan cokali. In ya fi haka kauri nauyinsa zai sauke shi. Launi farar ƙasa, jar ƙasa, garin gawayi, in ana son shuɗi a sa bula kaɗan cikin farar ƙasa. A jiƙa ƙaro ya kwana, a tace, a zuba ludayi ɗaya a kowane bokiti don kada ya riƙa bin tufafi. Kada a yi zane a bangon da murhu ke jingine, wata biyu ya yi baƙi. Faya-fayan ma nesa da wuta, kuma a kafa turakun ratayarsu tun ana gini. Ƙasan ɗaki kam ni siminti zan ce, daɓe na shan man masa ya yi tabo.

Gwaggon Yara, Argungu:
Daɓen da ya sha makuba sosai bai jin mai. Ba ku iya ba ne dai.

Maman Biyu, Badariya:
Na gode ƙwarai. To makubar ina zan samu, kuma buhu nawa?

Magini Ambursa:
Buhu biyu ya isa bango. Ɓawon ɗorawa ne, a jiƙa a ganga kwana biyu ko a tafasa, ruwan ya yi ja ya yi duhu, a shafa sau uku ana bari yana bushewa. Yanzu ne lokacinta, bazara ɗorawa ke nuna. Ki aika wurin masu daddawa a ƙauye, da kyauta suke bayarwa.

Uwargida Kalgo:
Kyauta? Wane zamani? Dubu 4 anka sayar muna da buhu, shi ma rabi ƙasa ce. Ɗorawar duk an sassare an yi gawayi.

Ɗan Bayan Kara:
Masu gawayi ba su cika son ɗorawa ba, ƙirya suke bi. Masu gona ne ke sare ta wai inuwa na hana shuka.

Maman Walida, Rafin Atiku:
Ko waye ke sarewa mu ke biya. Ku je ku tambayi tiyar kalwa yanzu. Daddawar ɗari biyu ba ta isa miya ɗaya, kuma rabinta waken suya ne, ƙamshin ma daban.

Anti Gesse:
Wallahi kuwa. Wa ya san mai daddawar kalwa zalla a cikin gari? Ta unguwarmu ta fara haɗi.