Taron asambuli ranar Alhamis, in tashi in yi maganar gota ko in kama bakina?

Maman Sadiya:
Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. Asambuliman ɗinmu, wato kansilan unguwarmu a nan Ankara (Accra), ya aiko takarda wai ranar Alhamis ƙarfe 9 akwai taron jin ra'ayin jama'a kan tsarin ayyukan asambuli, wato ƙaramar hukumarmu, na shekara huɗu, 2026 zuwa 2029, kuma Magajiya ta ce ni zan tashi a madadin matan layinmu tunda ni ce mai ɗan turanci. Abu ɗaya mata suke so in faɗa, gota. Ruwan Yuni sai da ya shiga ɗaki bakwai a layinmu, katifar tsohuwarmu har yau warin laka take. To ga inda gizo ke saƙar, kontenar da nake ɗinki ƙafafunta na baya a kan bakin gotar suke, kuma ba ni da famit, kuɗin sana'a na shekara kawai nake biya. In na ce a faɗaɗa gota ba ni na kira jan fentin rusau da bakina ba? Ko in fara neman famit tukun, nawa ake yi yanzu? Ga ɗinkin biki na mutum uku zan bayar Asabar.

Ɗan 441:
Wa alaikumus salam Anti. In kin je ki ce musu fitilun titi, daga masallaci zuwa bakin hanya duhu ne, jiya ma aka fizge wayar wata.

Yaron Base:
Anti ki tafi da babbar jaka, mitfai da molt ake rabawa, ki tuna da mu 😂

Baba Mai Walda:
'Yata, ji nawa tukun. Ba zan kama sunan asambuli ba. A 2017 aka kira mu irin wannan taro na tsarin 2018 zuwa 2021. Na rufe shago, na sa farar jallabiya kamar ranar Idi. Suka manna manyan takardu a bango, gota, bayan gida, makaranta, asibiti, aka ba kowa 'yan sitika uku ya liƙa inda ya fi so. Takardar gota sai da ta cika har ba a ganin rubutun. Na karɓi makirfo na yi magana aka tafa, wani yaro mai taye ya rubuta sunana da inda shagona yake, wai don rahoto. Wata takwas bayan nan na fito asuba na tarar da jan fenti a ƙofa. Na yi ta sintiri ofis, wannan ya ce an raba asambuli a 2018 takardunku na tsohon ofis, tsohon ofis ya ce yanzu ba ƙarƙashinmu kuke ba. Wata Talata ƙarfe uku na dare suka zo da katafila. Injin walda na samu na ciro, kwamfuresa da rodin mutane duk suna ƙarƙashin kwano. Sai da na sayar da filina na Kasoa na biya masu kaya. Da a ce gotar aka yi wallahi da na haƙura, na ce don jama'a ne. Gab da zaɓen 2020 aka zo aka juye yashi tifa biyu da duwatsu, bayan zaɓe yashin ya shiga ginin mutane. Inda shagona yake yanzu wani ne ke sayar da taya, shi ba a yi masa fenti ba. Ki zauna ki yi ɗinkinki.

Hajiya Mai Wake:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Baba. Ni na je na bara-waccan na kuɗin haraji, sidi 50 suka ba mu na mota.

Ɗan 441:
Mma Hajiya 50? Mu 20 aka ba mu, kuma sai da muka sa hannu a takarda biyu.

Yaron Base:
Takarda ta biyun ita ce ta sidi 30 ɗin da ba ka gani ba chale 😂

Ticha:
Baba abin da ya same ka ba daɗi, amma kada mu haɗa abu biyu. Rusau daban, taron tsari daban, masu jan fenti ba sa jiran sai ka yi magana, kontenar da ke kan gota suna ganinta kullum. Taron nan ba alfarma suke mana ba, doka ce tun 1994, Act 480, dole asambuli ta saurari jama'a ta haɗa rahoton sauraron da tsarin kafin ya tafi NDPC, hukumar tsara ci gaban ƙasa. Kuma kasafin kowace shekara daga cikin tsarin ake ɗebo ayyuka. Abin da ya shiga ba lallai a yi shi ba, na yarda, Common Fund, kason asambuloli daga gwamnatin tsakiya, da tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa kullum a makare yake zuwa. Amma abin da bai shiga ba, shekara huɗu kun yi ban kwana da shi. Ƙanwata ki je, ki rubuta buƙatar a takarda mata su sa hannu, ki yi fotokofi a buga miki hatimi a naki. Ki kuma tambaye su gotar ta wa ce, don manyan magudanu na gwamnatin tsakiya ne, ƙananan cikin layi su ne na asambuli.

Baba Mai Walda:
Malam Ticha kai da ka koma Adenta shekara goma, ruwa ya taɓa tashinka da dare? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Act ɗin naka yana ina ranar da katafila ta zo?

Ticha:
Baba a Maamobi aka yanke cibiyata, uwata na nan har gobe. Daren 3 ga Yuni 2015 da aka yi ambaliya a shataletalen Circle na kwana kan rufin motar haya ta trotro ina kallon wutar gidan mai, mutum sama da 150 suka tafi. Kar a ce ban san ruwa ba.

Borga Bronx:
Matsalar ita ce MCE, shugaban asambuli, ba ku kuka zaɓe shi ba, shugaban ƙasa ke naɗa shi 'yan asambuli su amince, to wa zai ji tsoro? Nan Amurka magajin gari in bai yi aiki ba ƙuri'a ke cire shi. An sa ranar 17 ga Disamba 2019 za a yi ƙuri'ar raba gardama kan shigar jam'iyyu zaɓen asambuli aka soke, maganar zaɓen MCE ma ta bi ta.

Hajiya Mai Wake:
Borga kai dai aiko dala a gyara gota, mun ji Amurka.

Alhaji Kontena:
Maganar famit, ni sidi 600 na biya na wucin gadi kuma duk shekara ana sabuntawa.

Ummu Aboabo:
Alhaji an cuce ka, mu nan Kumasi 250 na biya. Mu ma rafin Aboabo haka yake mana duk damina, tun da aka ba mu asambulinmu a 2012 muke zuwa taro, wasu abubuwan an yi gaskiya, layinmu an sa kwalta.

Alhaji Kontena:
Hajiya Kumasi ba Ankara ba ce, kowace asambuli da nata farashin. Kuma ƙanina 1,200 ya biya a nan nan, har da na wanda ya zo awo.

Ɗan 441:
Wai ana ba da famit a kan gota ma? Ni a sanina ko nawa ka biya rasit kawai za ka samu.

Maman Sadiya:
To kun ga, 250, 600, 1,200, wanne zan kama? Baba maganarka ta sa jikina ya yi sanyi wallahi. Amma in ban je ba Magajiya da wane ido zan kalle ta, tsohuwarmu fa a tabarma take kwana.

Hajiya Mai Wake:
'Yata ki ba wata takardar ta karanta mana, wadda ba ta da kontena. Amma ni in faɗi gaskiya ko an faɗaɗa gotar nan ta kai faɗin rafin Odaw sai ta cika, tunda da hadari ya haɗo za ka ga mutane na fitowa da buhunan bola suna jira ruwa ya sauko su tura. Da idona na ga matar wani babban mutum a layinmu, leda baƙa a hannu, kun san abin da ke ciki. Gida mai ɗaki goma sha biyu ba bayi ko ɗaya, mai gida ya mayar da bayin ɗakin haya.

Yaron Base:
Mma Hajiya faɗi sunan layin kawai mu ƙarasa lissafi 😂

Ɗan 441:
Ba laifin mutane kaɗai ba ne Mma. Masu aboboya, babur mai ƙafa uku na kwasar bola, da sidi 5 suke ɗaukar buhu, yanzu 10, wai kuɗin juji ya tashi. Mace mai 'ya'ya biyar ta biya bola, ta biya bayin haya safe da yamma, ta sayi ruwa, me ya rage na koko?

Alhaji Kontena:
10 ina? Mu 15 yake karɓa, kuma rannan na bi shi a baya da mashin, bai kai juji ba, bayan makaranta ya juye ya dawo ɗaukar wani.

Baba Mai Walda:
Shi wannan ba mai yi masa jan fenti.

Maman Sadiya:
Jama'a Alhamis jibi ce fa. Wanda ya san ko in an rubuta sunan mai magana ana haɗawa da inda shagonsa yake, don Allah ya faɗa min.

Ummu Aboabo:
Alhaji wane kala ne aboboyan, shuɗi mai karyayyen madubi? Don akwai wani yaro da ya bar nan ya koma Ankara da irin halin nan sak.