"Da tsohuwar zuma ake magani": shagon ne zumar, ko mai shagon?

Mai Fijo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata 'yar magana ce ta haɗa ni da ɗan ƙanwata, na ce bari in kawo ta gaban masana a raba mana gardama.

Ina da Fijo 504 haɗin Kaduna, tun ina aikin gwamnati na saye ta. Makon jiya ta fara gardamar tashi da safe, makaniki ya duba ya ce kwantak ne da kondensa, 'yan ƙananan kayan da ke ba fulogi wuta. Muka fita nema ni da yaron nan, shago ya fi bakwai muka leƙa. Ko'ina samari ne zaune da waya a hannu, kaya rataye cikin leda mai sheƙi. Na miƙa musu tsohon kwantak ɗin suna ta jujjuya shi kamar na ba su anini. Wani ma cewa ya yi, "Baba, na janareto ne?"

A hanyar dawowa na shiga ba yaron labarin shagon da muke zuwa a Sabon Gari lokacin da motar take sabuwa. Ɗan ɗaki ne mai duhu, kantocin katako har rufi, duk sun yi baƙi da giris. Gwangwanayen madara jere, wannan noti, wancan washa, ba rubutu a jikin ko ɗaya amma ba a taɓa ɗauko maka wanda ba shi ba. Mai shagon ba ya tambayarka me kake nema. Hannu kawai zai miƙo, ka ɗora masa abin da ya lalace, ya goge shi da tsumma, ya ɗaga shi wajen haske, sai ya kira yaro ya ce kanta ta uku, bayan fambel. Yaro ya taka tsani ya sauko da kwali mai tambarin zaki, abin a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Har yau in na ji warin baƙin mai da tsohon kwali sai shagon nan ya faɗo mini.

Da na gama sai na ce, ai da tsohuwar zuma ake magani. Buɗar bakin yaron nan sai ya ce, "Kawu, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." To tambayata biyu ce. Na ajiye karin maganata a muhallinta? Shi kuma tasa amsa ce ko rashin kunya?

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A gafarce ni, amma yaron ya fi ku dacewa da muhalli. A duba ƙarshen maganar: "ake magani". Ana faɗinta ne a lokacin da aka koma wa tsohon abu ko tsohon mutum bayan sabo ya gaza, kuma aka ga biyan buƙata. An sallami tsohon ma'aikaci, aiki ya cije, aka je har gida aka ɗauko shi ya warware, nan ne wurinta. Ku kuwa ba ku sami zumar ba balle a yi maganin. Shagon ya tafi, mota tana nan ba ta tashi ba. Abin da kuka yi bege ne.

Shi kuma bai yi rashin kunya ba. Mutane suna ɗaukar "kowa ya tuna bara" kamar tsawa ce, wai a daina tuna baya. Ni ban ji hani a cikinta ba. Bayanin hali ce: in ka ji mutum yana yawan ambaton bara, to bana ce ta gasa masa. Ke nan yaron ya yarda da ku cewa bana ba daɗi, sai dai bai san ya yarda ba.

Tsohon Direba:
Malama, ilimi naki ne, amma hanya tamu ce. Ni na ce Alhaji ya faɗi daidai, don zumar ba katako da gwangwani ba ne, mutumin ne.

Na ja 504 doguwa, Kano zuwa Jos, shekara goma sha ɗaya. Wata rana wotafam ya mutu mini a cikin dajin Falgore, da fasinja bakwai har da mai jego, rana ta karkata. Na kwance shi, na naɗe a tsumma, na tare wani abokin aiki da ke komawa Kano na ce ya kai wa Oga, mai shagon da nake sayen kayan mota. Ban haɗa da ko kwabo ba, ban rubuta takarda ba. Oga Inyamuri ne, amma yana jin Hausa kamar jakin Kano. Da ya ga wotafam ɗin ya tambaya na wa ne, aka faɗa masa. Motar farko da ta fito da asuba ita ta kawo mini sabo, ya haɗo da gasket da fambel da ban tambaya ba, ya ce a gaya mini wanda ke jiki ya kusa. Sai bayan kwana tara na je na biya. Ya buɗe wani littafi mai baƙin bango ya ja layi a kan laƙabina, don ko sunana na yanka bai sani ba.

Yau je ki ce wa yaron shago ya ba ki fulogi ɗaya bashi. Zai ce ki tura kuɗi tukuna, kuma sai ya ji ƙarar alat zai saki ledar.

Ɗan Kwance:
Ni a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano nake, kayan kwance nake sayarwa shekara ashirin da 'yan kai, kuma ba ranar da ba na faɗin wannan karin magana a bakin rumfata. Sai dai ku ji yadda nake faɗinta. Mutum zai zo yana wasiwasi tsakanin sabon shok ɗan Sin mai araha da tsoho ɗan Beljiyam da aka kwanto daga jikin mota. Sai in ce, ranka ya daɗe, da tsohuwar zuma ake magani. Ya ɗauki na kwancen, kuma sau da yawa ya fi sabon daɗewa. To kun ga yanzu maganar ta koma tallan kayan da su tsofaffin shagunan nan suke raina wa.

Don a tuna yadda aka yi. Kamfanin Fijo ya fara haɗa mota a Kakuri ta Kaduna a 1975, Bitil kuma ana haɗa ta a Legas. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja, saboda haka ɗan shago zai iya cika kanta da sabon kaya na asali. Da aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, kaya suka fara wuya, sai mai lasisin shigo da kaya. Aka zo 1986 aka karya naira, abin da ke cikin kwalin zaki ya fi ƙarfin direban haya. Nan ne "orijina ko Taiwan?" ta zama gaisuwar shago, daga baya motocin Kwatano da injinan Beljiyam suka cika gari. Ba wanda ya kori tsofaffin nan, kuɗi ne suka gaza.

Kuma Alhaji, kada bege ya rufe mana ido. A cikinsu akwai waɗanda da wuya ta yi wuya suka riƙa sa ɗan Taiwan a kwalin zaki. Na yi yaron shago, na ga ana tara kwalaye ba a yar da su.

Abu na ƙarshe, ba kowane tsoho ne zuma ba. Ƙarfe yana jira: giyabos, kiranshaf, ƙafar mota, ko shekara ashirin suka yi in ba su sha ruwa ba suna nan. Roba ba ta jira. Fambel ko hos ko oyil sil da ya shekara goma a kanta cikin zafin Kano, ko ba a taɓa buɗe shi ba, ka lanƙwasa shi ka ga yadda zai tsattsage. Wanda ya sayar maka da tsohuwar taya da sunan tsohuwar zuma, kabari ya haƙa maka.

Ɗan Mai Amya:
Ban san komai a mota ba, amma gidanmu rataye amya muka gada. Abin da ya sa zuma ba ta lalacewa, ruwan cikinta kaɗan ne, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, sauran kusan duk zaƙi ne, ƙwayar cuta ba ta iya hayayyafa a ciki. Za ta iya daskarewa, ta yi duhu, amma tana nan. Da sharaɗi biyu: a toshe bakin tulun, kuma ta zama zuma ce tun farko. Wadda aka sirka da narkakken sukari ko aka bari ta sha raɓa, wata kaɗan za ta yi kumfa ta yi tsami. Waraka da aka ambata a Suratun Nahli aya ta 69 a zuma take, ba a ce sai tsohuwa ba. Shekaru ba sa mayar da maɗi zuma.

Malamar Hausa:
Madalla da wannan. Ya nuna nauyin maganar a kan "zuma" yake, "tsohuwa" shaida ce kawai cewa an jarraba an gani. Baba Direba, na karɓi gyara rabi. Ranar da wotafam ya iso muku a Falgore, da kun faɗe ta, ba mai ja. Amma yau da Oga ba ya nan, ina nan a kan bakata.

Yaron Gareji:
Iyayena, a yi mini afuwa in sa baki. Ni makaniki ne, a hannun tsoho na koya, kuma ina ganin ana ɗora wa yaran shago laifin da ba nasu ba.

A zamanin da Baba Alhaji yake magana motoci nawa ne a titi? 404, 504, Bitil, Datsun, Landroba, sai manya irin su Bedford da Marsandi. Mutum ɗaya zai iya haddace kayansu kaf, da yawa ma na wannan shekara yana shiga na waccan. Yanzu Corolla kaɗai, ta Amurka daban, ta Turai daban, ta Dubai daban, fitila iri ɗaya a ido amma soket ba ɗaya ba. Ba kan da zai ɗauke wannan. Shi ya sa muke tambayar lambar shasi mai harafi da lamba 17. Motocin Amurka tun daga 1996 suna da wurin jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta faɗa maka inda ciwon yake. Wayar da kuka gani a hannun yaro ita ce tsaninsa. Zai ɗauki hoton abu ya tura kasuwar Ladipo ta Legas ko ta Nnewi, jibi ya iso a motar dare.

Inda na yarda da ku shi ne tarbiyya. Da, yaro yana shekara biyar, shida, bakwai a ƙarƙashin ubangida kafin a sallame shi da jari, ya san kaya ya san mutane. Yanzu wanda ya sami kuɗin haya sai ya buɗe shago, ya sa ƙaninsa da bai taɓa riƙe sifana ba. Wannan kam gaskiya ce. Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Tsohon Direba:
Yaro, na'urarka tana ba da bashi?

Yaron Gareji:
Ba ta bayarwa, Baba. Amma littafin ubangidana mai baƙin bango yana wurina. Da ya rasu muka buɗe, sunayen da ba a ja wa layi ba sun fi shafi ashirin, mutum huɗu ne kawai suka zo suka biya iyalinsa. Wannan ma yana cikin abin da ya rufe shagunan.

Bazazzagi:
Duk wannan dogon zance a kan motar da ta girmi rabin mutanen zauren nan? Alhaji, sabo turken wawa. A sayar wa 'yan gwangwan a huta.

Mai Fijo:
Bazazzagi, tsohon doki sai mai shi. Motar nan ita ta kai uwargida asibiti haihuwar 'ya'yana biyar, ita ta ɗauko gawar mahaifina daga asibiti zuwa gida. Ka bar ni da turkena.

Yaron Gareji, maganar littafin nan ta taɓa ni. Ina zaune ina lissafi ko akwai inda ba a ja mini layi ba.

Ɗan Kwance:
Alhaji, mu koma kan kwantak. Kafin ku fito ku sa makaniki ya goge jikin distiributa ya karanta sunan da ke kai, ko Ducellier ce ko wata, don 504 ba iri ɗaya aka sa musu ba, kuma kwantak ɗin wannan ba ya zama a waccan. In da hali ku taho da ita gaba ɗaya. Akwai wani dattijo a layin baya, ba shi da allo ba shi da waya, shagonsa ya koma rabin rumfa, amma yana da akwatin ƙarfe da ba ya buɗe wa kowa. Ku zo kafin azahar, bayan salla ba ya dawowa.

Mai Fijo:
Jama'a, na je jiya. Dattijon bai ce mini komai ba, hannu ya miƙo. Ya goge, ya ɗaga wajen haske, ya ja akwatin ya zaro gwangwanin Bournvita, ga kwantak a cikin takardarsa mai maiƙo. Sai da na juya baya na share ido. Kondensa dai babu, ya ce na ƙarshe ya tafi tun kafin azumi, sai wani sabo ɗan Sin muka saya a shagon yaran nan masu waya. An ɗaura, ta tashi a bugu na uku. Malama, yanzu an ba ni izinin faɗa?

Malamar Hausa:
An ba ku, Alhaji, a kan kwantak. Kondensar kuma ku bar wa ɗan ƙanwarku.

Yaron Gareji:
Bugu na uku ya yi yawa, Baba. Gaf ɗin kwantak ne ba a saita daidai ba, ko taimin. Ku kawo ta Asabar bayan la'asar, filar auna gaf ta ubangidana tana nan a cikin akwatina.