Me ya sa sojojin da ke gadin fadar Sarkin Ingila suke sanya jar riga da doguwar hular gashi?

Aliyu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana tarihin soja da ke wannan zaure. Duk lokacin da aka nuno faretin sojojin fadar Buckingham a talabijin, ana ganinsu cikin jajayen riguna da dogayen baƙaƙen huluna na gashi, alhali kakin da muka saba gani a jikin kuratan da ake horarwa a Depo nan Zariya an yi shi ne domin ya saje da daji. Ta yaya mutumin da ke son tsira da ransa zai sanya launin da ake hangowa daga nesa? Na kuma ji ana cewa an zaɓi ja ne domin kada a ga jinin wanda aka harba. Shin haka ne?

Malam Sani, Ƙofar Doka:
Wa alaikumus salam, Malam Aliyu. Zancen ɓoye jini ba shi da tushe, domin jini idan ya jiƙa jan yadi baƙi yake komawa, kowa kuma zai gan shi. Jar rigar ta kafu ne a 1645, lokacin da majalisar dokokin Ingila ta kafa sabuwar runduna a yaƙin basasar da ta yi da Sarki Charles na Ɗaya, kuma babban dalilin shi ne araha, tunda rinin ja da ake samu daga saiwar wani tsiro ba shi da tsada. Hafsoshi, waɗanda suke ɗinka nasu da kuɗinsu, sukan yi amfani da rini mai haske da ake samu daga wasu ƙwari na Meziko.

Game da hangowa kuwa, sai a tuna irin bindigar wancan zamani. Ba ta cin nisa, kuma da zarar an fara harbi hayaƙin albarushi yakan rufe fili kamar hazon hunturu, saboda haka abin da kwamanda ya fi buƙata shi ne ya gane mutanensa, kada su harbi juna. Da bindigogi suka fara cin dogon zango, lissafin ya juye. An fara sanya kaki a wata runduna da Turawa suka kafa a Peshawar a 1846, karo na ƙarshe da sojojin Birtaniya suka shiga fagen fama da jar riga shi ne a Ginnis ta ƙasar Sudan a 1885, sannan a 1902, bayan yaƙinsu da Bowa, wato Turawa 'yan asalin Holan da suka zauna a Afirka ta Kudu, kaki ya zama tufar aiki ta kowa, ja kuma ya koma na biki.

Malama Rabi, Samaru:
Bari in ƙara a kan hular. Da fatar baƙar dabbar beyar ta Kanada ake yin ta, tsawonta kusan inci 18, kuma asalinta ado ne na tsoratarwa, domin mai ita ya ƙara tsawo da kwarjini. Rundunar Grenadier ta sami izinin sanya ta bayan yaƙin Waterloo na 1815, don tunawa da nasarar da aka yi a kan dakarun Napoleon na Faransa masu irin wannan hula. Rundunonin gadin masu tafiya da ƙafa biyar ne, kuma mai lura yana bambanta su da maɓallan gaban riga: na Grenadier ɗaiɗai suke, na Coldstream bibbiyu, na Scots uku-uku, na Irish huɗu-huɗu, na Welsh biyar-biyar. Su ma ba 'yan ado kawai ba ne, domin cikakkun mayaƙa ne da akan tura fagen daga cikin kaki.

Baba Garba, tsohon soja, Sabon Gari:
Yarona Aliyu, jan nan da kake tambaya a kai ya zo har garin nan. Rundunar da Lugard ya kafa a 1897, wadda da ita aka ci Kano da Sakkwato a 1903, kayan faretinta su ne kaki da jar dara mai tuntu, da jar falmaran mai kewayen rawaya, da jar ɗamara, tambarinta kuma bishiyar kwakwar manja. Abin da nake so matasa su lura da shi shi ne, baƙar fata kaɗai ake sanya wa darar, hafsoshi Turawa ba sa sanya ta, kuma an daɗe sojanmu yana fareti ba takalmi a ƙafarsa. A ganina wannan tufa ba ado kaɗai take nunawa ba, tana nuna wane ne mai ba da oda, wane ne mai karɓa. Da yaƙin Bama ya zo, an ajiye wannan ƙawa an ba su kayan daji, kuma sunan barikin Chindit da Depo take ciki ya samo asali ne daga rundunar da bataliyoyin Nijeriya uku suka yi yaƙi a cikinta a dajin Bama a 1944.

Aliyu, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri, Baba, da ku Malam da Malama. Idan akwai wanda ke da hoton faretin da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, ina roƙon ya sanya mana, domin in ga yadda darar da falmaran ɗin suke a jiki.