Uwar mijina na ba jaririna ruwa

Assalamu alaikum. A wani ƙauye nake kusa da Ringim, gida ɗaya da uwar mijina. Ɗana na fari watansa 3. A asibiti an ja mini kunne cewa nono zalla zan ba shi har wata 6, ko ɗigon ruwa kada ya sha, domin ruwan da ke cikin nono ya ishe shi. Amma da na shiga madafa, sai Inna ta ɗebo ruwan randa a ludayi ta ɗura masa, wai zafin bazara zai busar masa da maƙoshi. Sau biyu ke nan yana gudawa, na biyun har maɗigarsa ta faɗa, muka kwana a asibiti.

Na gaya wa maigida, ya ce ba zai iya ja da mahaifiyarsa ba. Na turo goggona ta lallashe ta, Inna ta ce 'ya'ya tara ta raina da ruwa, ta kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Yanzu da goyo nake daka da girki, bayana har ya ƙage. Na san son jikanta ne ya sa, ba mugunta ba.

Don Allah, ta yaya zan sa ta daina ba tare da ta ga na raina ta ba?